Fuskar da Na Cire Daga Fasta

Litinin, 1 ga Yuli, 4:10 na yamma

An gama. Fasta, sitikar babur, hoton da ke fitowa a waya idan an kunna waƙa, ƙyallen da za mu rataya a wajen taro, da hulunan. Na shimfiɗa su a ƙasa a shagon Nathaniel mai injin buga takardu, na hau kujera na dube su daga sama. Ruwan ɗorawar iri ɗaya ne a dukkansu. Bai yi duhu a kan yadi ba, bai koɗe a kan takarda ba. Wata biyu na yi ina faɗa da tawada kafin in samu haka.

Shekara tara na yi ina tsara shafi a gidan jarida a Kaduna. Abin da ya fi zauna mini a kai daga can shi ne wannan: launi ɗaya, rubutu ɗaya, alama ɗaya, har mutum ya gane abu daga taku goma bai karanta komai ba. Shi na yi wa ƙanena Abdulfattah, wanda a waƙa ake kira Fatahu Tabanni. Alamarsa ƙeyar mutum ce, da hula ruwan ɗorawa, da garma a kafaɗa. Babu fuska.

Tun watan Afrilu muka yi gardama a kan haka.

"Yaya, mawaƙi ba fuska? Sai ka ce wanda ya saci akuya."

Na ce, "Waƙarka ta ce ka yi shuka ba ka nemi izinin kowa ba. Ka san su wa ake neman izini a wajensu. Fuskarka ba za ta hau bango ba."

"To 'yan mata fa? Da me za su san ni?"

Matarsa Saliha ta jefe shi da mafici.

Ya yarda. Shekara shida ya yi a Zariya, bara ya dawo Birnin Gwari, ba kowa ya san shi da ido ba. Na ga dama ce, na riƙe ta.

Laraba, 3 ga Yuli, 11:00 na safe

Bidiyon taron ƙaddamarwa ya shiga ko'ina. Masu tura waƙa a tasha sun ce ba abin da ake tambaya sai waƙarsa, "Noman Bana". Ni na yanka bidiyon da hannuna. Ta baya aka ɗauki Fatahu daga farko har ƙarshe, kamar yadda yake a fasta, 'yan kallo kuma suna fuskantar kyamara, kowa da hularsa. Hula arba'in muka raba a ƙofa. A layin gaba akwai Solomon, ƙanen Nathaniel, malamin firamare a Kazage, dogo, yana amshi da ƙarfi fiye da mai waƙar.

Teloli a kasuwa sun fara kwaikwayon hular. Launinsu ya ja zuwa ruwan lemo. Ya ba ni haushi.

Asabar, 6 ga Yuli, 2:30 na rana

Solomon.

Asabar, 5:45 na yamma

Abin da na tabbatar kawai zan rubuta. Ya taso daga Kazage wajen ƙarfe goma. Babur uku ne a jere. Mutanen daji sun tare su a mararrabar da ke bayan rafi, sun bar biyu sun wuce. Harsashi biyu a ƙirji, ɗaya a wuya. Babur ɗinsa na nan, wayarsa na aljihu. Ba su ɗauki komai ba.

Ɗaya daga cikin waɗanda aka bari ya ce an cusa masa hular a baki. Ban gani ba. Mutum ɗaya ne ya faɗa, kuma a firgice yake.

Lahadi, 7 ga Yuli, 1:20 na rana

Na je gaisuwa. Praise, matar Solomon, tana zaune a ƙasa da takalminsa a cinyarta, matan coci na kewaye da ita suna waƙa a hankali. Nathaniel ya kira ni bayan ɗaki ya buɗe wata baƙar leda.

Yanzu na gani.

Hular tamu ce, ba ta teloli ba. Na gane ɗinkin. Inda jini bai taɓa ba launin na nan yadda na zaɓe shi.

Nathaniel ya ce, "Anti Zakiyya, ni na buga alamar nan a jikinta. Ni na miƙa masa ita, na ce ya sa ya zauna a gaba tunda dogo ne."

Na ce Allah ya ba da haƙuri. Ya ɗaure ledar.

Talata, 9 ga Yuli, 8:15 na safe

Fatahu bai ci abinci ba tun Asabar. Na ce masa abu ɗaya ba hujja ba ne, ana kashe mutane a hanyar nan da hula da babu hula. A gidan jarida ba ma cewa abu ya zama ɗabi'a sai ya faru sau uku. Ya dube ni kamar bai san ni ba.

Na wanke kwanuka, na share tsakar gida. An yi ruwa da asuba, masara ta yi kyau.

Alhamis, 11 ga Yuli, 3:00 na rana

An kashe biyu, a gona kusa da Tabanni, wa da ƙane, suna noman farko. Wannan karon ba bindiga. Wanda ya ɗauko su ya ce sai da aka nemo buhu.

Hular ɗayan ta teloli ce, mai ruwan lemo. Su ba su ga bambancin ba.

Uku ke nan.

Juma'a, 12 ga Yuli, 5:30 na yamma

An yi sanarwa bayan sallar Juma'a, za a maimaita a coci-coci jibi: kowa ya cire hular, ya kankare sitikar. 'Yan sa-kai sun bi kasuwa suna fizge ta daga kan mutane. Wani tsoho ya ƙi, ya ce jikarsa ce ta ba shi, suka buge shi da gindin bindiga har goshinsa ya fashe. An tara su a tasha an zuba fetur. Na tsaya na kalla. Yadin mai kyau ne, ya daɗe yana ci.

Fastocin da muka manna a bango ba su ciruwa. Ni na nace a dafa sitaci mai kauri don kada ruwan sama ya ɗaye su. Da wuƙar kicin na bi bangon kasuwa tun daga layin masu hatsi har bakin tasha. Farcena biyu sun fita. Daga taku goma har yanzu ana ganin ɗorawa.

Lahadi, 14 ga Yuli, 6:00 na yamma

Ba wanda ya mutu yau.

Litinin, 15 ga Yuli, 12:40 na rana

Mustapha mai sayar da taki ya dawo. Ranar Asabar mutanen daji suka ɗauke shi, ba hula a kansa, tun Juma'a ya ƙona tasa. An sako shi da kunne ɗaya. Na same shi a ɗakin shan magani, an naɗe masa rabin kai. Na zauna, na yi tambayoyina bi da bi.

Ya ce sun kunna masa bidiyon a waya, suka tsayar da shi daidai kan fuskarsa, layi na biyu, gefen dama. Suka ce, kai ne mai waƙar? Ya rantse ba shi ba ne. Suka ce mai waƙar ba shi da fuska, hula gare shi, duk wanda ke cikin hoton nan da hula shi ne mai waƙar, har ranar da za a nuna musu wanda ya yi ta.

Na ce, ba su da masu kai musu labari a gari? Ya ce waɗannan baƙi ne, sababbin zuwa ta wajen dajin Kamuku. Ba su yarda da bakin kowa ba, sai abin da suka gani a waya.

"Malama," ya ce, "hoton nan ya fito tar. Har haƙorina na Makka ana gani. Wa ya ɗauka?"

Na ce wani ne daga Kaduna. Gaskiya ne. Bai tambayi wanda ya yanka ba.

Litinin, 4:05 na yamma

Na ɓoye fuska ɗaya, na nuna arba'in.

Talata, 16 ga Yuli, 2:15 na rana

Sun zo gida da hantsi, dangin waɗancan biyu na Tabanni da wasu da ban sani ba. Da jifa suka fara. Randa ta fashe, gilashin tagar Inna ya zube. Na ce wa Fatahu kada ya fita. Ya ture hannuna ya fita.

Bai ɗaga hannu ba. Uban yaran ne ya fara, da ƙotar fartanya, a kafaɗa, sannan a baki. Da ya faɗi suka sa ƙafa. Saliha na ihu tana kiran maƙwabta da sunayensu, ba wanda ya leƙo. Inna ce ta fita ba mayafi ta kwanta a kansa. Sanda ɗaya ta same ta a baya kafin su gane tsohuwa ce. Sai uban ya yar da ƙotar ya zauna a ƙasa yana kuka, suka ɗaga shi suka tafi.

Haƙori ɗaya, haƙarƙari mai yiwuwa biyu.

Inna ba ta kiran sunana, ni ce ta fari. Ina gasa mata baya ta ce, "Ke wannan, me kika zana wa ɗana?"

Na ce hula ce kawai, Inna.

Laraba, 17 ga Yuli, 10:30 na safe

Na kalli bidiyon hoto bayan hoto, ina tsayarwa ina rubuta suna. Fuska talatin da ɗaya ake ganewa sarai. Na ja layi a kan biyu, na sa alama a kan Mustapha. Na bi gidajen da na sani. Amsa ɗaya ce kusan ko'ina: lokacin noma ne, in ba a shiga gona makon nan ba ciyawa ta cinye, iyali su ci me? Wata mata ta rufe mini ƙofa a fuska. Wata ta ba ni ruwa, ta ce mijinta ya riga ya fita tun asuba.

Hasken bidiyon yana da kyau ƙwarai. Kwana biyu na yi ina gyara shi.

Alhamis, 18 ga Yuli, 4:50 na yamma

Fatahu ya sa Saliha ta kira ni. Yana jingine da bango, leɓensa ya kumbura, magana na fita da ƙyar.

"Yaya, ki ɗauke ni hoto. Ta gaba."

Na ce a'a.

"Launin nan naki, rubutun nan naki, hular a kaina. Yadda duk wanda ya gani zai san fastar farko ce ta juyo. In kika canja wani abu za su ce ƙarya ce."

Na ce za a iya zuwa wajen hukuma. Ya ce an je. Na ce za a iya jira. Ya ce, "Wa zai jira? Ni da ke cikin ɗaki, ko su da ke gona?"

Na ce ni na jawo, ba shi ba.

"To sa taki fuskar mana. Ki ce ke kika rera." Ya yi dariya, haƙarƙarin ya kama shi, ya daɗe yana tari. "Muryarki kamar ta ƙofar langa-langa, wa zai yarda?"

Saliha na tsaye a bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Yaya Zakiyya, jiya ya gaya mini. Na yi kukana na gama. Ki yi masa."

Juma'a, 19 ga Yuli, 11:50 na safe

Na ɗauka, a jikin bangon zaure, da hasken safe. Na goge kumburin leɓen a kwamfuta, wannan daidai ne, zai saɓe.

Sannan na ci gaba. Na faɗaɗa hanci kaɗan. Na matso da idanu. Na share tabon da ke kan girarsa ta hagu, na ƙara masa haɓa. Aikin minti ashirin ne. Mutumin da ya fito ba Fatahu ba ne, kuma yana da kama da mutum na gaske.

Saliha ta shigo da shayi ta tsaya a bayana.

"Wannan ai Judah ne mai facin taya."

Na duba. Judah ne.

Na rage hancin, na tsawaita fuskar, na sa gemu. Na kira ta.

"Yanzu kuma Abubakar ɗan liman."

Na sake. Na uku ya yi kama da wani da ke sayar da rake a bakin asibiti, ban san sunansa ba, amma ina ganinsa kullum. 'Ya'yansa mata biyu kan zauna kusa da shi.

Juma'a, 3:30 na rana

Duk fuskar da na ƙirƙira akwai mai ita a garin nan.

Na mayar da ta Fatahu.

Asabar, 20 ga Yuli, 1:00 na rana

Nathaniel bai buɗe shago ba tun rasuwar. Na same shi a gida na nuna masa a waya. Ya daɗe yana kallo.

"Anti, kin san abin da kike so in buga?"

Na ce na sani.

"Ranar da aka binne Solomon na ce da na ga ƙanenki a hanya da na... " Bai ƙarasa ba. Ya ɗauko makulli. "Ba don wannan zan buga ba. Ki sani."

Gwajin farko ya fito, na manna shi a bango, na ƙirga taku goma na juyo. Launi daidai. Rubutu daidai: WANNAN SHI NE FATAHU TABANNI. SHI KAƊAI YA YI WAƘAR. Amma daga nan fuskar ta kowane saurayi ce mai shekara ashirin da takwas. Tabon bai fito ba.

Ni na yi masa tabon. Ina da shekara goma sha ɗaya, yana da huɗu, ya yaga mini littafi na jefe shi da murfin kwano. Inna ta yi mini dukan da ban manta ba.

Na koma kwamfuta na ƙara wa tabon duhu, na kaifafa gefensa. Muka sake bugawa. Taku goma. Ana gani.

Nathaniel ya kunna injin ya fita waje ya tsaya.

Lahadi, 21 ga Yuli, 5:10 na yamma

An manna sabuwa a kan kowace tsohuwa. Masu tura waƙa sun canja hoton da ke kan "Noman Bana". An ba masu itace da matan da ke kai nono wasu su bari a bakin daji. Launi ɗaya, rubutu ɗaya.

Uban yaran Tabanni ya aiko da kaza. Inna ta ce a mayar. Fatahu ya ce a yanka.

Talata, 23 ga Yuli, 2:40 na rana

An tare mutum biyu daga cikin jerina a hanyar Kazage da safe. An durƙusar da su, an ɗora fastar kusa da fuskar kowanne, an duba gira. An mare su an ce su tafi. Na ji daga bakin su biyun, kowa daban, kuma labarin ya zo ɗaya.

Aikin yana yi.

Laraba, 24 ga Yuli, 4:30 na yamma

Masu unguwa sun zo. Cikin ladabi suka yi magana. In Fatahu yana nan, nan za a zo nemansa, kuma gidaje a manne suke. Gobe akwai ayarin motoci zuwa Kaduna, za a ba shi wuri a ta tsakiya. Sau da yawa ayari na wucewa lafiya. Wannan ma gaskiya ne, na bincika: a cikin makonni uku sau ɗaya aka tare.

Na kawo filasta da rawanin Baba. Na ce ya rufe girar, ya naɗe fuskar, tafiyar 'yan awoyi ce.

"In suka tsayar da mota ba su gan ni ba fa, alhali an ce musu ina ciki?"

Na ajiye filastar.

"Sai su sauke duk mazan." Ya ninke rawanin ya miƙo mini. "Ke kika koya mini, Yaya. Yadda yake a bango haka zai zama a waya, haka zai zama a ido. Kin fasa ne?"

Saliha ta soya masa gyaɗa ta ƙulla a leda. Ya ce da wane haƙorin zai ci. Ta ce da sauran.

Alhamis, 25 ga Yuli, 7:40 na safe

Sun tashi. Mota tara, yana cikin ta biyar, kusa da taga. Na karɓi lambar direban. Akwai fasta a bangon tasha daidai inda motar ta tsaya, fasinjoji na duban bango suna dubansa. Wata tsohuwa ta matsa masa wuri.

9:15 na safe

Ba sabis a wannan yankin. An sani.

10:50 na safe

Na wanke kwanuka. Na share tsakar gida.

12:20 na rana

Inna na kan sallaya tun safe. Saliha ta sake tsince shinkafar da ta tsince jiya.

1:35 na rana

Direban ya kira daga Buruku. Abin da ya faɗa kawai zan rubuta.

Mutanen daji sun tare su bayan wata gada. Motocin gaba huɗu sun riga sun wuce, na baya suka juya. Mutum goma sha takwas ne a motarsa, goma sha ɗaya maza. An fito da su an jera a bakin kwalta. Ɗaya daga cikin mutanen ya ciro takarda a ninke daga aljihu ya buɗe. Bai ma matso ba, daga inda yake tsaye ya nuna Fatahu da baki. Mutum goma sha bakwai sun koma mota. Ba a taɓa ko ɗaya ba, ba a karɓi wayar kowa ba. An ce wa direban ya ja, kada ya waiwaya. Bai waiwaya ba. Ya ce ya ji ƙara bayan sun yi nisa, amma ba zai rantse ko mene ne ba.

Na tambaye shi nisan da ke tsakanin mai takardar da layin.

Ya ce, "Hajiya, wace irin tambaya ce wannan?"

Na ce ya daure ya tuna.

Ya ce kamar taku goma.